Wasan da Rashidu Ya Bari

"Kak ki taɓa, Madam. Karanta kawai."

Na janye hannuna. Baba Illa, maƙwabcina a unguwarmu ta bayan tasha a Tahoua, ya yaye zanen da ya rufe wani faranti mai faɗi, sai ga katuna a jere, irin masu hoton dodanni da yara ke saye a ƙunshi. Na san su sarai, don shekara uku ina ƙwace su a ajina. Ni Na'omi, malamar makaranta ce daga Maraɗi, kuma ban taɓa zaton tsoho mai shekara saba'in da huɗu zai aiko a kira ni da tsakar rana saboda wannan shirme ba.

Surukarsa Zahara ce ta yi mini bayani daga bakin ƙofa, don ita ba ta shiga ɗakin. Mijinta Rashidu, ɗan Baba tilo, shi ya zo da katunan daga Aljeriya shekara biyar da suka wuce. A gidansu akwai al'ada tun kakanninsu na Barmou: in namiji zai tafi ci-rani, sai ya fara dara da babansa su bar ta a tsakiya, domin ya dawo ya ƙarasa. Rashidu ya ce dara ta tsufa, da wannan za su yi. Ya zaunar da tsohon, ya damƙa masa katuna uku, ya jera sauran, da safe ya hau mota ya koma Aljeriya. Daga Tamanrasset ya kira sau biyu, shi ke nan. Tun lokacin Zahara ke zaune, ba matar aure ba, ba bazawara ba. 'Yan uwanta sun zo sau huɗu a je wurin alƙali a raba auren, Baba yana ce musu wasa bai ƙare ba.

Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, likita ya sallamo shi da magani da ɗan murmushin da kowa ya gane. Abin da yake so shi ne ya san wa ke da hannu a wasan, wato wa ake jira ya buga, kuma me ke rubuce da Faransanci a katunan da ya riƙe shekara biyar.

Na ce masa karatu kaɗai ba zai wadatar ba, sai ya iya wasan. Kashegari na kwaso ganimar aljihun teburina, da takardar dokoki da na tsinta a wani ƙunshi, muka fara a zaure. Kowa da katuna arba'in, kowa da rai goma, muna lissafa ran da ƙwallon dabino. Dodo yana kai hari, in babu mai tare shi a cire ƙwallo. Akwai kuma katin da ake kifewa, shi ne tarko, mai shi kaɗai ke da ikon buɗe shi idan an kawo masa hari.

Da fari Baba abin dariya ne. Yakan zubar da duk abin da ke hannunsa lokaci guda, in cinye shi kafin shayi ya huce, ya ce na yi masa wayon 'yan lakwal, wato 'yan boko. Ni kuma ba na raga wa ɗalibi don yana da furfura. Cikin sati uku ya koyi ɓoye hannunsa. Ya haddace hotuna tunda ba ya karatu, ya sa wa kowane suna. Ya fara musaya da ni, yana ba ni dodanni masu walƙiya yana karɓar ƙananan tarkuna, ina murna na cuce shi, ashe ni aka cuta. Wani bijimi mai launin toka, irin wanda ke gabansa a farantin, shi ya fi so, yana cewa, "Wanga ni na."

Abin da ya fara damuna shi ne wasu dabarun da ban koya masa ba, ba sa kuma cikin takardar. Sai ya ɗaga kati, ya karkata kai wajen ɗakin farantin kamar mai sauraro, ya mayar ya ɗauko wani. Na tambaye shi, ya ce Rashidu ba ya son a yi gaggawa da bijimi. Kajin gidan da ke shiga ko'ina, har cikin tukunya, ban taɓa ganin ɗaya ta tsallaka wannan ƙofa ba. Gaskiya na ji tsoro, har na fara zuwa da ƙaramin Littafina Mai Tsarki a jaka.

Ranar da ya cinye ni sau uku a jere, ya ce in kama shi mu shiga ciki. Bazara ce, azahar ta wuce, unguwa tsit, ko injin niƙa ba ya kuka. Ya zauna a tabarmarsa, ɗaya tabarmar tana shimfiɗe ba kowa. Ya daɗe yana duban farantin da idon wanda ya iya. Ni ma na duba. Hannun Baba ne. Ƙwallo ɗaya ya rage wa Rashidu, babu dodo a gabansa, sai kati guda a kife. In bijimin ya kai hari wasa ya ƙare, sai fa in mai tarkon ya buɗe tarkonsa.

"In na buga, shi kaɗai ka iya buɗe wancan?"

"Shi kaɗai, Baba."

"In bai buɗe ba hwa?"

Sai ya kira Zahara, ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ya yi bisimilla, ya tura bijimin gaba da yatsa ɗaya, ya ce wa tabarmar, "Na buga, Rashidu. Kai aka jira."

Muka jira. Zufa na bin bayana, ina kallon katin nan kamar zai motsa, kuma wallahi rabin zuciyata na roƙon ya motsa, rabi na roƙon kada. Inuwar ƙofa ta ja daga ƙafata ta hau bango. Sai da aka kira la'asar Baba ya miƙa hannu ya ɗauke ƙwallon ƙarshe, ya sa a tafin Zahara.

"Ɗiyata, wasa ya ƙare. Gobe a kirawo liman da kawunki. Ki yahe mani, na riƙe ki da yawa."

Ta durƙusa a wurin tana kuka ba sauti. Na maida zanen kan farantin da hannuna, Baba ya rufe ɗakin ya ba ta makullin.

An yi maganar raba auren gaban liman ran Talata. Ran Alhamis da hantsi Baba ya cika a zaure, yana jingine da bango, Zahara na dama masa kunu. Maza suka kai shi kafin azahar, mu mata muka zauna a tsakar gida. Na yi kukan tsohon nan fiye da yadda na zata.

Bayan sadakar uku Zahara ta roƙe ni in kwashe mata farantin, don za ta koma Barmou kuma har yanzu ba ta iya shiga ɗakin ba. Makullin yana ɗaure a bakin zanenta tun ranar. Na buɗe, na yaye zanen.

Katin Rashidu da muka bari a kife, a buɗe yake. Na sunkuya na karanta layi biyun da ke ƙasan hoton: idan an kawo maka hari, ɗauki wanda ya kawo harin ka dawo da shi gefenka.

Daga bakin ƙofa Zahara ta tambaye ni me aka rubuta. Na ce ta matso ta gani, ta ɗan leƙo kanta. Gaban tabarmar Baba babu komai. Bijimin toka yana can ɗaya gefen, an gyara masa zama daidai kusa da katin Rashidu, gefe da gefe.