Teburin Doña Socorro Bai Cika Ba

Mahaifiyata, Doña Socorro, ta daina cin abinci, kuma cikin ladabi ta daina. Da a ce da faɗa ne, da na san ta inda zan ɓullo mata, don ni da ita mun fi shekara hamsin muna gwabzawa. Amma ina! Sai in ajiye mata romon kaza, ta dube ni ta yi murmushi, ta ce "gracias", wato na gode, ta ɗora hannunta mai lafiya a kan cinya. Romon ya huce, in ɗumamo, ya sake hucewa.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a farkon damina, yaren Ilonggon da muke yi a gida ya fice mata daga ka, Turancin ma ya bi bayansa. Abin da ya rage mata Sifaniyanci ne, yaren gidan ubanta a nan Jaro, wanda ta yi ƙuruciya da shi. Ni ban iya ba, ƙanena Anselmo ma haka, kuma ba don kanmu ba ya ja ba ne. Ita ta hana mu. Ita da 'yan'uwanta mata sun mai da shi yaren gulma. In suka zauna shan cakulan da yamma, da an zo kan 'yar wane da ta yi ciki, sai su juya harshe, mu yara mu saki baki. In na tambaya sai ta ce, "Me za ki yi da shi? Je ki koyi Turanci." To ga shi 'yan'uwan duk sun mutu, sun bar ta da yaren, sun bar ni da ita.

Likitan da ke zuwa duba ta a gida ya ɗan ja fatar hannunta ya saki, fatar ta tsaya yadda ya bar ta. Ya ce ba maƙogwaro ba ne, tunda tana kurɓar ruwa. In ba ta fara ci ba zuwa ƙarshen mako, sai asibiti, a zura mata robar abinci ta hanci. Wannan robar kuwa Mama ta gan ta a hancin babanmu kafin ya rasu, kuma ranar jana'izarsa ta damƙi hannuna ta sa na rantse ba zan bari a yi mata haka ba. Na rantse. A lokacin rantsuwar ba ta yi mini nauyi ba, don tana tafiya da ƙafarta, tana zagin direba.

Babu abin da ban dafa ba. Kunun shinkafa da citta, gasasshen kifi, wainar shinkafa ta bakin coci da take mutuwar so. Har a kujerarta mai taya na gangaro da ita ɗakin cin abinci, na shimfiɗa farin ƙyallen bikinta a tebur, ko za ta ji daɗi. Na tsaya a kanta da cokali ina lallashi, na yi tsawa, na yi kuka a kicin. Ita kuwa sai ta yi ta zuba mini zance mai taushi da karkataccen bakinta, ni ina kallonta kamar akuya.

Anselmo ya zo da wayarsa mai fassara yana hura hanci. Wayar ta saurari Mama, ta juya ta juya, ta ce ba ta gane ba.

"Ka gani? Ita ma ƙanwarka ce," na ce masa.

"Manang," ya ce, haka muke kiran yaya mace, "ki daina huce haushinki a kaina. Ni na shanye mata jiki?"

"Kai dai ka iya zuwa da rana tsaka ka cinye abincin marar lafiya."

"To a zubar? Zunubi ne." Ya tura loma, amma na ga idonsa ya yi ja.

Shi ne dai ya samo Marivic, ƙanwar matar abokinsa, mace 'yar shekara arba'in da wani abu, mai faɗin fuska da yawan dariya. Aikinta amsa waya ne a wani kamfani, mutanen Meziko na kira suna yi mata ƙorafi. Tun daga bakin ƙofa ta fara kare kanta.

"Manang Nieves, ni fa Sifaniyancina na firji ne da injin wanki. In injin mace ya lalace zan iya ba ta haƙuri har ta yi kuka. Amma hirar manya, sai dai Allah."

Na kira ta yadda muke kiran ƙanwa: "Shigo, Inday. Tambaya ɗaya za ki yi mini: me ya hana ta ci?"

Marivic ta rusuna ta gaishe ta. Wallahi sai na ga Mama ta miƙe zaune, abin da ba ta yi ba tun da ta kwanta. Ta gyara wuyan rigarta, ta nuna kujerar hannun dama, zance ya ɓalle. Marivic tana sauraro tana jefo mana kaɗan kaɗan ta gefen baki.

"Ta ce 'yar gidan wa ce ni. Ta ce na yi rama." Ta dubi cikinta. "Allah ya saka miki, Doña. Ta ce a kawo mini faranti mai zurfi, ba a fara shinkafa kafin romo, nan ba tashar mota ba ce."

Na kawo. Marivic ta ce ta ƙoshi, Mama ta matsa. Ta sake cewa ta ƙoshi, Mama ta ɓata rai, sannan ta ɗauki cokali yadda ya kamata. Sai Mama ta shiga ba ta labarin tukunyar ranar Lahadi ta gidan ubanta: naman sa da ƙashin ɓargo, wake, kabeji da ayaba, a ɗora tun kafin a tafi coci. A fara shan romon shi kaɗai, sannan a kawo naman a babban faranti, da dakakken yalo mai tafarnuwa a gefe. Ta ce ba a juya kifi a faranti, cire ƙashin ake yi. Ba a tashi daga tebur sai an ci mangwaro an yi hira, wanda ya ci ya tashi nan take ba shi da tarbiyya. Tana faɗa tana lumshe ido, har da haɗiyar yawu. Ni na ga maƙogwaronta ya motsa.

Na ce a raina shi ke nan, an samu. Yunwar hira ce ke damunta. Na tura mata kwanonta kusa da hannu.

Marivic ta share faranti biyu, gumi na karyo mata. Kwanon Mama ko ƙwayar shinkafa ba a taɓa ba.

"Inday, ba ciyar da ke na kira ki a yi ba," na ce. "Tambaye ta."

Ta goge baki ta tambaya a hankali. Mama ta yi 'yar dariya, ta nuna taga ta bayan gida da haɓa, ta yi magana mai tsawo. Na ga dariyar Marivic ta ɗauke.

"Me ta ce?"

"Ta ce baƙo ba a sa shi jira, shi ya sa ta ce in ci. Amma uwar gida ba ta ɗaga cokali sai 'ya'yanta sun zauna."

Wannan na san shi, dokar gidanmu ce tun ina yarinya. "To ba ga mu ba? Ga ni, ga wannan mai sanƙon."

Marivic ta sunkuyar da kai. "Ta ce Nieves take jira. Wai tana kan bishiyar mangwaro, an kira an kira ta ƙi saukowa. Wai yarinyar taurin kai gare ta, ga ta siririya kamar tsintsiya, in ba a zauna da ita ba ba ta ci. In ta shigo ta tarar an fara, sai ta yi zuciya ta kwana da yunwa."

Anselmo ya ce, "Ni fa?"

Ta tambaya. "Ta ce 'yarta ɗaya ce tal. Ta ɗauka kai ne mai gyaran fanka."

Ya yi dariya, dariyar ta maƙale masa, ya fita baranda.

Na ce, "Gaya mata ni ce Nieves."

Ta gaya mata. Mama ta dube ni sama da ƙasa, da furfurata da tabarau da ƙyallen kicin a kafaɗa, ta yi mini murmushin nan da take yi mini kullum. Sai a ranar na gane irinsa ne take yi wa masu kawo kifi.

"Ta ce suna ne mai kyau, 'yarta ma haka. Ta ce kin iya girki, sai dai hannunki na da nauyi a gishiri, amma wai kada in faɗa miki, kada ranki ya ɓaci."

Raina kuwa ya ɓaci. Na ja kujerar hannun hagu, wadda na girma a kanta, na zauna daram, na ja faranti. Fuskar Mama ta canja. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube ni ba, Marivic ta yi wa magana.

"Manang, ki yi haƙuri. Ta ce wurin 'yarta ne. Ta ce akwai tebur a kicin."

Na tashi. Me zan yi? Shekara sittin da biyu gare ni, da jikoki, na tashi na ba wa kaina wuri.

Mun gwada ƙarya. Marivic ta ce mata Nieves ta ci a gidan gwaggonta, Mama ta ce haka take cewa kullum, kada a yarda. Washegari Anselmo ya aro jikar maƙwabta, aka ɗaure mata gashi da jan ƙyalle aka zaunar. Mama ta shafa kanta, ta sa aka cika mata faranti, sannan ta tambaye ta ko ta ga Nieves a waje. A ranar hannunta mai lafiyar ma ya kasa riƙe ko da kofi.

Ranar Asabar Anselmo ya zo da mota don kai ta asibiti. Ya tsaya a zaure yana juya makulli, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Manang, na san kin rantse. Ni ban rantse ba. Ki ce ni ne."

"Ba ni lokacin abincin rana," na ce.

Na ja Marivic gefe na ce ta koya mini yadda yaro ke cewa yana zuwa. Kalma uku ce, na maimaita har ta zauna. Aka gangaro da Mama tebur, aka zuba romo. Ni kuwa na zagaya bayan gida. Mangwaron guguwa ta tumɓuke shi tun ina budurwa, wurin yanzu igiyar shanya ce. Na tsaya cikin zannuwan gado, na siranta murya, kunya kamar ta kashe ni, na ƙwala:

"Ya voy, Mamá!"

Sai na ji ta.

"Nieves!"

Ba muryar marar lafiya ba ce. Muryar nan ce mai kaifi da ke sa ni dirowa daga reshe ba shiri. Na riƙe igiyar. Ta ci gaba da faɗa, faɗa na gaske, irin wanda na yi wata da watanni ina nema. Marivic ta leƙo ta taga, hawaye shaɓe-shaɓe, tana raɗa.

"Ta ce ki wanke hannu. Ta ce in kin yaga rigar nan za ki gamu da ita. Manang, ta ɗauki cokali!"

"Ta kai baki?"

"A'a, ta riƙe dai. Tana kallon ƙofa."

"Yaya ake cewa ta fara, ina tafe?"

Ta faɗa mini, na ƙwala shi a karkace yadda ya zo. Amsar ta dawo nan take, a tausashe wannan karon.

"Ta ce ba komai, 'yar lelenta, ba ta jin yunwa. Za ta jira ki."

Na taka zuwa famfon bayan gida na wanke hannuna da sabulu, har tsakanin yatsu, yadda take so. Na hau matakalar kicin, na bi ta gaban murhu, na tsaya a bayan ƙofar ɗakin cin abinci. Ta tsagar katako ina hango ta, ta miƙe zaune, cokali a hannunta, fuskarta fal murna. In na tura ƙofar nan, mai girki ce za ta shigo, ta ajiye cokalin ta ce mini "gracias". In ban tura ba, haka za ta zauna.

Daga waje na ji Anselmo ya tayar da mota. Mama ta sake kiran sunana, na amsa mata daga bayan ƙofar, na ce ina zuwa.