Taƙin Auta a Kan Katako

Shago na huɗu ke nan da Yaya ta shiga da kyamarar, kuma tun kafin ta zaro ta daga jaka ta fara magana.

"Don Allah kada ka ce mini babu kebul. Mutum uku sun riga sun gaya mini haka yau."

Mai kwamfuta ya ɗago daga kan na'urar buga takardu da ya buɗe wa ciki. Dattijo ne mai furfura a gemu, tabaransa a can ƙarshen hanci. Ya karɓi kyamarar ya jujjuya ta. Ƙarama ce, mai ruwan azurfa, gilashin bayanta ya tsattsage, ƙurar katako ta cika duk wani lungu nata.

"Kai! Wannan ai sa'ar tabarona ce. Daga wane gidan tarihi kika ɗauko ta, Hajiya?"

"Ta ƙanena ce. Ya rasu."

Murmushin ya bar fuskarsa. "Allah ya jiƙansa. Ki gafarce ni, bakina ne ba ya da birki."

Yaya ta waiwaya ƙofa. Shagon ya yi ƙanƙanta, don haka ta zaunar da Inna, mahaifiyarsu, a kan benci a waje, inda inuwar rumfa ta faɗa. Tsohuwar na zaune a miƙe, sandarta tsakanin gwiwoyi, ta karkata kai gefe kamar yadda ta koya tun da idon hagu ya mutu.

Da safen nan suka fito daga wurin likitan ido. Likita ya ja Yaya gefe, ya rage murya, ya ce jijiyar idon dama ma ta kusa ƙarewa. Abin da ya rage wa Inna bai fi leƙe ta ramin makulli ba, kuma ramin kullum tsukewa yake. Mako uku, wataƙila wata guda. "Duk abin da take son gani, a nuna mata yanzu," in ji shi. Inna kuwa idonta ne ya tafi, kunnenta yana nan garau. Suna fita ta kama hannun Yaya ta ce, "Na ji shi. Abu ɗaya nake so. Fuskar Auta."

Auta, ƙanen Yaya, kafinta ne, aikinsa rufin gidaje. Wata biyar da suka wuce ya faɗo daga saman wani bene, wayarsa na aljihu, ta farfashe tare da shi. Sai bayan an binne shi aka gane babu hotonsa a gidan. Mutum ne mai gudun kyamara, duk taron da aka yi shi ne zai fizge waya ya ce, "Ku jeru, ni zan ɗauka, kada in fasa muku gilashi." Sun kai ɗan hoton katin shaidarsa an faɗaɗa, ya fito dabbare-dabbare, ba ido ba hanci. Abin da ya saura shi ne wannan kyamarar, wadda abokan aikinsa suka kawo cikin jakar kayan aikinsa. Yaya ta cusa ta a ƙasan akwatin tufafi, ta kasa ko taɓa ta. Amma yau a bakin ƙofar asibiti bakinta ya riga tunaninta, ta ce, "Inna, ai kyamararsa cike take da hotunansa." Ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba.

"Ba ma bukatar kebul," in ji mai kwamfuta. Ya sa farce ya ɓalle wani ɗan murfi a ƙasan kyamarar, ya danna, wani ɗan kati shuɗi ya leƙo. "Nan hotunan suke kwana. Waɗancan ukun da suka koro ki, ragwaye ne kawai."

Ya hure katin, ya goge bakinsa da gefen riga, ya zura shi cikin wata 'yar na'ura da ke maƙale da kwamfutar. Shiru. Ya zare, ya sake gogewa, ya mayar. A karo na uku kwamfutar ta yi ɗan ƙara, akwati ya buɗe a allo.

"Ya amsa. Ɗari uku da goma sha biyu." Ya ɗaga yatsa. "Ni kwafa nake yi, ba na kwashewa. Na cikin katin su zauna inda mai su ya bar su. Ki ba shi minti biyar."

Wani koren layi ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama. Daga waje Inna ta ɗaga murya.

"Ke! An samu?"

"Ana juyewa, Inna."

"To a juye a hankali, kada a zubar mini da yaro."

Mai kwamfuta ya yi dariya ƙasa-ƙasa, Yaya ta kasa. Da layin ya cika, ya buɗe hoto na farko.

Katako ne. Dogayen katakan rufi biyu a jere, sararin sama a bayansu, da hannun hagu na mutum a ware tsakaninsu, babban yatsa a kan ɗaya, ɗan tsakiya yana miƙe wajen ɗayan. Ya danna na biyu. Katako, ƙusoshi, hannu. Na uku, kwanon rufi da hannu. Na goma. Na arba'in.

"Wuce," in ji Yaya. "Wuce. Yi sauri."

Hotunan suka dinga gudu. Rufi bayan rufi, gida bayan gida, kuma a kowanne hannun nan ne ya ware taƙi a kan aikin. Sai a lokacin ta tuna. Auta ya taɓa faɗa mata cewa ɗan kwangilar da yake yi wa aiki a nesa yake zaune, kuma ba ya yarda da maganar baki. Shi ya ba shi kyamarar, ya ce ya riƙa ɗaukar kowane mataki. Auta kuma ya ga riƙe ma'auni da kyamara a saman rufi wahala ne, sai ya mai da taƙinsa ma'auni, daga babban yatsa zuwa ɗan tsakiya, don a ga tazarar katako da ta ƙusa. Dama na riƙe da kyamara, hagu na kan katako.

Ɗari biyu. Ɗari uku. Ɗari uku da goma sha biyu. Babu fuska.

Yaya ta dafa tebur. "Ba wani wuri kuma? Ba wanda ya ɓuya?"

"Na duba ko an goge wasu. Babu. Wannan bawan Allah aikinsa kawai ya ɗauka."

"Koma baya. Na ga mutum a wani."

Ya koma. A hoto na ɗari da tamanin da wani abu, can nesa a ƙarshen rufi, wani mutum na tsaye da guduma a hannu, hula ta rufe masa goshi. Yaya ta san shi. Dogo ne, abokin aikin Auta, wanda ya kawo jakar. Tsayinsu ɗaya, duhun fatarsu ɗaya.

Ta sunkuya kusa da kunnen dattijon. "Yanko wannan. Ka faɗaɗa shi ya cika allo."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Shi ne?"

Ta sake nuna masa allon da yatsa.

"Hajiya, uwa ce fa."

"Uwar da ba ta bambance ni da labule sai na yi magana. Na yi mata alkawari. Ka fi so in fita in ce mata ɗanta bai bar mata komai ba sai katako?"

Mai kwamfuta ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ja numfashi, ya yanko hoton, ya faɗaɗa. "Ni dai ba zan ce uffan ba. Bakina yau ya samu birki."

Yaya ta fita ta kamo Inna. Mai kwamfuta ya tashi ya ba ta kujerarsa, ya kashe fitilar saman tebur don hasken allon ya fi fitowa. Inna ta miƙa wa Yaya sandarta, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta karkata kai, ta fara bin hoton da ɗan abin da ya rage mata, kaɗan-kaɗan, daga hula zuwa ƙasa.

"Ga shi nan, Inna," in ji Yaya. Muryarta ta fito siririya. "Yana kan aiki."

Inna ta ƙara matsowa. Ta bi goshi, ta bi kumatu, ta tsaya a gefen kai. Ta daɗe a nan.

"Ɗana," ta ce da mai kwamfuta, "ƙara mini girman nan wurin."

Ya ƙara.

Inna ta ja da baya ta jingina. "Wannan kunnen ba na gidanmu ba ne."

"Inna, nisa ne ya..."

"Ke, rufe mini baki. Ku biyar na haifa, kowannenku da kunnuwa kamar murfin tukunya, irin na ubanku. Auta ya fi kowa. Wannan ɗan kunnen ɓera na ɗan wani ne, Allah ya raya wa uwarsa shi." Ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashin Yaya. "Makanta ce ta kama ni, ba hauka ba."

Kukan da Yaya ta riƙe tun asibiti ya ƙwace. Ta durƙusa a gefen kujerar, ta kifa kai a cinyar tsohuwar. "Ki yafe mini, Inna. Babu shi. Na duba duka, babu fuskarsa ko ɗaya. Ban taɓa buɗe kyamarar ba, na faɗa miki ne kawai."

Inna ta bar ta ta yi mai isarta. Hannunta na kan ɗankwalin Yaya, ba ta shafa ba, ba ta kuma ɗauke ba.

"To me ke ciki? Hoto ɗari uku na ji an ce. Iska ya ɗauka?"

"Katako ne. Da hannunsa."

"Hannun wa?"

"Nasa. Yana aunawa da taƙi."

"Shi ne kika tsallake hannun ɗana kika kawo mini kunnen wani? Tashi. Ɗana, mayar da ni farko."

Mai kwamfuta ya koma hoto na ɗaya, ya faɗaɗa hannun har ya cika allon. Inna ta sake matsowa. Wannan karon ba ta daɗe ba.

"Shi ne. Ga ɗan yatsan nan da ya karkace, na kakansa ne." Ta ɗaga nata hannun, ta ware yatsu a kan gilashin. Taƙinta bai kai rabin nasa ba. "Wuce. A hankali."

Suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wani mutum ya leƙo da takardu a hannu, mai kwamfuta ya yi masa alama ya dawo anjima. Inna na kallo tana magana da allon kamar mai shi na jin ta. Nan ya yi datti, ko sabulu ya gagare shi. Nan sanyi ake yi, dubi yadda fata ta bushe. A wajen hoto na ɗari biyu ta ce, "Tsaya."

Farcen babban yatsan ya yi baƙi ƙirin, yatsan ya kumbura.

"Me ya same shi nan?"

"Guduma ce, Mama," in ji mai kwamfuta. "Ta kuskure ƙusa."

"Yaushe?"

Ya duba kwanan watan da ke jikin hoton ya faɗa mata. Wata uku ne kafin faɗuwar.

Inna ta yi lissafi a ranta. "Wato shi ya sa. Duk lokacin nan in ya zo gaishe ni hannun hagu na cikin aljihu. Har faɗa na yi masa, na ce yaushe ya koyi tsayawa gaban uwarsa kamar wani babban ma'aikaci. Ya yi dariya ya ce sabon yayi ne." Ta girgiza kai. "Ya san in na gani zan ce ya bar hawa sama."

Yaya ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Wuce," in ji Inna.

Kumburin ya saɓe a hotunan da suka biyo. Baƙin ya fara matsawa gaba, sabon farce fari yana turo shi daga tushe. Inna ta daina kallon komai sai shi. Kowane hoto sai ta ce a ƙara girma, ta auna da idonta, ta gyaɗa kai. Ya kai rabi. Ya wuce rabi. Idon ya fara yi mata ruwa saboda hasken, Yaya ta ce su huta, ta ture hannunta.

"In na huta wa zai ajiye mini idon? Wuce."

Mai kwamfuta ya danna, ya danna, sannan ya ɗauke yatsansa daga madannin.

"Wannan ne na ƙarshe, Mama."

Yaya ta kalli kwanan watan a ƙasan allon, ta kau da kai. Safiyar ranar ce. Rana ta haske katakon, hannun a ware, kuma a bakin farcen saura ɗan siririn layi baƙi, wanda yankan farce ɗaya zai tafi da shi.

Inna ta kai fuskarta har numfashinta ya yi hazo a gilashin. Ta goge da gefen zanenta, ta sake dubawa.

"Saura kaɗan ya warke," ta ce.

A waje motoci na ta wucewa, mai takardun nan ya sake leƙowa ya koma.

"In buga miki shi a babbar takarda, Mama?" in ji mai kwamfuta a hankali.

"Buga wa yayarsa, ita za ta daɗe tana gani." Inna ba ta ɗauke ido daga allon ba. "Ni dai kada ka kashe tukuna."