Injin Numfashin Tuful

Tun da hantsi teku ya canza launi. Bakhit Mahad ya tsaya a ƙofar gidansa a gefen garin Salala da ke bakin teku yana kallon bishiyoyin kwakwa suna ta sunkuyawa. Rediyo ta ce wata babbar guguwa za ta sauka kafin la'asar.

Ba rufin gida ne damuwarsa ba. Matarsa Tuful ce, wadda huhunta ya yi rauni, ba ta iya numfashi sosai sai da injin da ke ba ta iska, shi kuwa injin sai da wutar lantarki. Jiya ya so ya kai ta asibiti ta ƙi. Yau da ta yarda, kwarin da ke tsakaninsu da gari ya riga ya cika da ruwan saman da aka kwana ana yi, ya shafe hanya.

A guguwar baya turakun wuta zubewa suka yi, unguwar ta daɗe cikin duhu. Bayan nan ne ma'aikata suka zo suka binne wayoyin a ƙarƙashin ƙasa. Bakhit bai taɓa yarda da aikin ba. Wayar da ke kwance cikin ƙasa, ruwa ya malalo a kanta, ta yaya za ta tsira?

"Baban Suhail, zauna mana," in ji Tuful daga kan gado, robar iska a hancinta. "Wannan kai-komon naka ya fi ciwon gajiyar da ni."

"Ke dai ja numfashinki ki ƙyale ni."

Iskar ta iso da ƙugi. Ruwa ya riƙa dukan taga a kaikaice, kwanon rumfar maƙwabta ya tashi ya wuce ta saman katanga. Bakhit ya ƙura wa ƙwan fitila ido. Ya yi ƙyaf-ƙyaf, ya dawo. Ya sake yi. Sai ɗif, injin ya yi shiru.

Ya rarumo ƙaramar tukunyar iskar da suka ajiye don irin wannan rana, wadda ba za ta kai su magariba ba. Murfin ya ƙi juyawa. Tuful ta buɗe baki tana neman iska, ta damƙe bakin rigarsa.

Can sai firiji ya yi gurnani a kicin. Fitila ta kama. Injin ya ci gaba da hucinsa kamar ba abin da ya faru.

Bakhit ya zube a kan tabarma rungume da tukunyar, yana ta hamdala. Wayarsa ta yi ƙara. Suhail ne, babban ɗansu, da ke aiki a ɗakin da ake rarraba wutar garin.

"Baba, kuna da wuta?"

"Ta tafi ta dawo. Me kuke yi ne a can, wasa da ran uwarka?"

"Babban layin da ya biyo ta kan dutse ne ya tsinke, sai muka juya ku kan wani. Wayoyinku na ƙasa ba abin da ya same su. Yaya Inna?"

Tuful ta miƙo hannu ta karɓi wayar. "Ina nan lafiya, ɗana. Ubanka dai za ku nema wa magani."

Har iskar ta faɗi wutar ba ta sake motsi ba. Kafin magariba mutanen tsohuwar unguwa, inda turaku suka karye, suka fara shigowa da ƙafafu duk taɓo. Wani ya kawo waya caji, wata tsohuwa ta kawo allurar ciwon suga a sa mata a firiji. Tuful ta sa aka ɗora gahawa, aka fito da dabino.

Sai a lokacin Bakhit ya tuna da awakinsa. Ya zagaya baya, ya tarar garken ya rushe, ba ko ɗaya. Ya dawo zai yi alwala, ya tura ƙofar bayi. Ga su nan cunkushe a ciki, babbar tana tauna tawul ɗinsa.