Tabon Goshin Alhusaini

Yayana Alhusaini maginin rijiya ne, kuma tsakanin Barmu da Kalfu ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. Wata rana yana can ƙasa yana haƙa, igiya ta tsinke, guga cike da duwatsu ya sauko masa a goshi. Kwana shida bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo, hannu lafiya, ƙafa lafiya, amma halin ya tafi. Ya shiga yin ashar a gaban yara. Ranar kasuwa ya mari surukinsa, Baba Dodo, don kawai tsohon ya ce ya gyara zama. A ranar Baba Dodo ya ɗauke 'yarsa Kaltumi, matar Alhusaini, ya mayar da ita gida.

Lokacin ina aikin jinya a Tawa, shekara uku da samun mulkin kai. Likitan da nake ƙarƙashinsa ya taɓa buɗe mini hoton ƙwaƙwalwa, ya ɗora yatsa a bayan goshi, ya ce nan linzamin mutum yake: kunya, haƙuri, haɗiye fushi. In wurin ya lalace, mutumin kirki sai ya zama wani. Da labari ya iske ni, na hau mota ina tafasa.

Na tarar da dattawa a ƙofar maigari sun gama shiri. Alhusaini zai cire hula, ya durƙusa, ya miƙa goro, ya ce ya tuba, Kaltumi ta koma ɗakinta. Haka ake kashe irin wannan wuta a garinmu. Yayana har ya durƙusa. Ban iya daurewa ba.

"Ranka ya daɗe, ya tuba daga me? Dutse ya fasa masa kai, ku kuma ku sa shi durƙuso? Har yaushe za mu riƙa hukunta ciwo?"

"Yunusu, zauna," in ji maigari. "Ba allura muka taru yi ba."

Aka yi dariya, dariyar ta ƙara ingiza ni. Na taɓa tabon goshin Alhusaini a gaban kowa, na bayyana musu duk abin da na koya. Na ce ba mugunta ba ce, ba aljanu ba ne, wani ɗan nama ne ya lalace a ciki.

Baba Dodo ya saurara har na gama.

"Ɗan lakkol, mai ilimin boko, tsaya in tambaye ka. Naman nan yana tsirowa?"

"Ba ya tsirowa, Baba."

"Ko a Yamai?"

"Ko a Faransa."

Da alfahari na faɗe shi. Allah ya sani, da alfahari.

Tsohon ya tura ƙunshin goron gefe da bakin sandarsa.

"Ni goron mai laifi na zo karɓa, don mai laifi yana tuba ya daina. Nama kuwa ba ya tuba. Ni ya mara, na tsufa, ba komai. Gobe fa, in ɗiyata ce, da goyo a bayanta? Kaltumi ta zauna gida. Na gode, yaro, ka buɗe mini ido."

Ba wanda ya musa masa. Da me za su musa? Ni na ba shi hujja. Dattawa suka karkaɗe riguna, suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Alhusaini bai motsa ba, hula a hannu. Na jira ya zage ni, ko ya kai mini mari. Da ya yi, da na ji sauƙi.

"Kwana uku ina koyon abin da zan faɗa," ya ce a hankali. "Ban manta ko kalma ɗaya ba."

"Yaya, tashi mu tafi."

Bai tashi ba. Ya juya ga tabarmar da Baba Dodo ya bari, ya sunkuyar da kai, ya fara: "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini." Ya faɗe shi duka har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.