Kujerar Bakin Taga

Shagon ɗinkinmu dogo ne mai duhu, taga ɗaya tak gare shi. Da hantsi rana kan shigo ta nan ta kwanta a kan tebur, sai ka ga burbushin zare yana yawo cikin hasken a hankali, ba ya sauri, ba ya sauka. Ƙarar kekuna kuma ta yi ta lallaɓa mutum har ya fara gyangyaɗi. Ni dai ina can ƙurya wajen guga, ina zufa, ina kallon hasken nan ina mafarki ido biyu.

Tun da na buɗi ido, kujerar bakin taga ta mai raunin ido ce. Haka muka taras, ba mai musu. Shi ya sa Gwaggo, ƙanwar babanmu, ke zama a kanta. Ita ke aikin hannu: ramin maɓalli, kalmasa, baƙin zare a kan baƙin yadi. In babu hasken rana, ko kafar allura ba ta gani. Da wannan ɗinki take ci da kanta.

Da mai shago ya tsufa, sai ya damƙa wa Yayata makulli ya ce ita ce shugaba. Murna muka yi har da shewa.

"Ku daina kallona haka," in ji ta tana dariya. "Ni ce dai, ba ƙaho na tsiro ba."

To, madalla. Dariyar ce ta fara tafiya. Daga nan makulli ya koma wuyan hannunta, duk inda ta gifta kana jin kacau-kacau. Wata safiya muka tarar ta ja teburinta bakin taga, wai shugaba sai ta riƙa duba aiki a haske. Aka mai da Gwaggo ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja kamar idon mai mura.

Ɗinkin Gwaggo ya fara karkacewa. Ranar da wani ya dawo da kwat ɗinsa yana faɗa, Yaya ko kai ba ta ɗaga ba.

"Gwaggo, ki je gida ki huta haka nan."

"To, 'yar nan," in ji Gwaggo. Ta ƙulle alluranta a ɗan ƙyalle ta fita tana laluben bango.

Raina ya ɓaci ƙwarai. "Haba Yaya! Wallahi kin ba ni kunya. Wa ya koya miki zura zare?"

"Auta, koma kan gugarki. Ran da kika riƙe makulli kya gane."

Ni? Allah ya kiyaye! Har tofar da yawu na yi.

Ana nan, haihuwa ta zo wa Yaya, ta bar mini makulli. A ranar na aika wa Gwaggo: ta dawo gobe, kujerarta na jiranta.

Na yi sammako na goge kujerar tas. Sai na ce bari in ɗan zauna in ji ko ƙafarta na rawa.

Wayyo, ashe haka wurin yake! Iska mai sanyi tana shafa mini wuya. Rana ta hau bayan hannuna, ɗumi mai laushi, ba irin na dutsen guga ba. A waje ganyen wata bishiya na lilo, inuwarsa na wasa a kan tebur. Burbushin zaren da na daɗe ina hangowa daga nesa yanzu kewaye ni yake yi. Na juya, ga shago duka a gabana, kawuna a sunkuye, duk wadda ta shigo ni take fara gaisarwa. Kekuna suka kama waƙarsu, jikina ya mutu, na ji kamar a kan ruwa nake kwance. Ban san lokacin da hantsi ya yi ba.

"Auta, na zo."

Gwaggo ce tsaye a kaina da ɗan ƙullinta, ta sa mayafinta na fita unguwa, fuskarta cike da fara'a.

Na so in tashi, Allah ya sani na so. Makulli ya yi kacau a hannuna, sai na ji bakina yana cewa, "Gwaggo, ɗan zauna can ƙarƙashin lantarki tukuna, bari in gama duba wannan."

Ta sunkuyo ta ƙura wa teburin ido don ta ga abin da nake dubawa. Har da hannu ta shafa. Babu komai a kansa sai rana.

"To, 'yar nan," in ji ta.