Zamzam na Jirjis

Ranar da labarin ya iso, Ummulkhairi tana tankaɗen gero a ƙofar bukkarsu ta unguwar Hindawiyya, kusa da Harami. Sabo, abokin tafiyar mijinta, ya tsuguna nesa ya faɗa mata mijin nata Rabi'u ya rasu a garin Sawakin, can tsallaken teku. Agana ce ta kama shi, kowa ya gudu. Wani Kirista kafinta, Jirjis, shi ya ɗauke shi zuwa shagonsa, ya yi ta ɗiga masa ruwa a baki har rai ya yi halinsa. Sannan ya bi masallatai ya kirawo Musulmi suka sallace shi.

Tana cikin takaba, ba ta fita. Sai ta aika aka cika mata gwangwani da Zamzam, maƙeri ya liƙe bakin da dalma, irin wanda alhazai ke tafiya da shi gida. Ta ce Sabo ya kai wa Jirjis in zai koma.

Magana ta kai kunnen Malam Ja'afaru, limamin unguwa, wanda zana kawai ta raba gidansa da nata. Ya yi mata ta'aziyya ta bayan zanar, sannan ya ce ruwan nan ba na wanda ba ya salla ba ne. Ya ce ta aika dabino, ya fi.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ni ban yi karatu ba. Amma da mijina yake kishirwa, ruwa aka ba shi, ba dabino ba."

Mata suka yi ta shigowa suna cewa ta bari, kada a daina gaishe ta. Ta ce a daina.

Malam bai yi fushi ba. Ya bi malaman Harami yana tambaya, ya dawo ya ce ya tarar da saɓani, wasu sun hana, wasu sun yarda. Shi dai yana nan kan bakansa.

"Ni ma haka, Malam."

"To, shi ke nan. Ba zan tare Sabo ba."

Gwangwani ya hau jirgin ruwa. Ko ya isa hannun mai shi, ba ta taɓa ji ba.

Har yau, in ta idar da asuba, takan roƙa wa Rabi'u gafara, ta roƙa wa Jirjis lafiya da shiriya. Sunan na biyu takan ɗan ɗaga murya, don a ji ta bayan zana.