Gonar Gajere

Tun da matar nan ta sauka daga babur a ƙofar gidana, nan Damri ta ƙasar Bakura, na ji hankalina bai kwanta da ita ba. Mace da jaka da littafi da biro, tana tambayar tsofaffin gari? Ai ruwa ba ya tsami banza.

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ta ce sunanta Farida, malamar makaranta ce a Talata Mafara, kuma shekara biyu ke nan tana bin sawun kakan babanta, wani Gajere. Wai farkon zuwan Nasara aka kama shi dakon kayan Bature, ya yar da kayan a daji ya gudu, ya ɓuya a Dosara ta ƙasar Maradun. Tsoro ya sa har ya mutu bai faɗi sunan garinsu ba, iyaka ya ce ƙasar Bakura ne.

Ni ko na san zancen sarai. Ranar da aka tafi da Gajere ya bar wa amininsa, kakana, gonarsa ta fadama amana, ya ce sai ya dawo. Gonar nan ita ta ciyar da ubana, ita ke ciyar da mu goma sha huɗu yau. Yanzu da taki ya zauna mata, shi ne za a turo mini 'yar boko da littafi? Na ce a raina, yarinya, kin yi kaɗan. Ko biron nata ban yarda da shi ba, an ce akwai masu ɗaukar magana.

Na gyara zama, na ce ni Ɗanasabe nan aka haife ni, nan na yi furfura, ban taɓa jin mai wannan suna ba. Har na ba ta shawara ta gwada wajen Jangebe.

Ban rufe baki ba sai ga Taiba, matata, da kwanon ruwa. Ita ko baki gare ta kamar rariya. Ta aje, ta ce mini masu huɗa sun aiko, in hanzarta, suna jirana a gonar Gajere. To, mi zan ce? Haka duk Damri ke kiran gonar tun kafin a haife ni, ni kaina haka nake kiranta.

Na jira ta ambaci alƙali. Wallahi har na fara lissafa shaidu.

Farida ta sha ruwa, ta rufe littafinta. Ta ce ta san da gonar. Gajere ya bar wasiyya ga ɗansa, ɗan ya bar wa babanta, baban da ciwo ya kwantar da shi ya ɗora mata: a nemo gidan amininsa, a shaida musu ya bar musu gonar halak malak, su ci da halal.

"Amma Gajere ya ce a faɗa wa gidan da suka riƙe sunansa," in ji ta. "Kai ko, Baba, ka ce ba ka san shi ba. Ƙila ba nan ba ne."

Ta yi godiyar ruwa, ta hau babur. Na miƙe in kira ta, kunya ta sa na koma na zauna.

Bana gonar ta yi shinkafa irin wadda ba ta taɓa yi ba. Tana cikin rumbu, har yau na kasa cewa a sussuka.